Horo da Shaidar da Ake Nema Wajen Mai Rainon Yara a Najeriya

Rainon yara a matsayin sana'a yana nufin kula da yaro tun yana jariri har ya kai shekarun shiga firamare, a gidan raino ko makarantar share fage. A da, aikin yana hannun kaka ko gwaggo ko 'yar raino, kuma ba a tambayar kowa takarda. Fitar iyaye mata aikin ofis da kasuwanci ce ta sa ya zama aikin albashi, hukuma kuma ta gindaya masa sharuɗɗa.

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa kuwa ya ajiye shaidar NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar da mutum zai riƙe kafin ya koyar. Ana samun ta bayan karatun shekara 3 a kwalejin horar da malamai, ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE wadda aka kafa a 1989, kuma akwai sashe na musamman da ya shafi raino da ilimin ƙananan yara. Mai son zurfafawa yana iya yin digiri a jami'a. Bayan kammalawa sai rajista da hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta ɗora wa alhakin tantance malamai.

Abin da ake koyarwa ya wuce waƙa da tafi. Ɗalibi yana nazarin yadda jiki da ƙwaƙwalwar yaro suke girma: yaushe ake sa ran ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara magana, da alamun da ke nuna jinkiri ko matsalar ji da gani. Yana koyon koyarwa ta hanyar wasa, domin yaro ɗan shekara 3 da aka tilasta wa riƙe fensir yini guda ba karatu yake ba, wahala yake sha. Sannan akwai fannin lafiya, wanda shi ne ƙashin bayan aikin: wanke hannu, ajiyar abinci, duba katin rigakafi, haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa, da abin da za a yi nan take idan yaro ya shaƙe ko zazzaɓi ya sa shi jijjiga. Ba a ba da shaidar sai ɗalibi ya yi koyarwar gwaji a makaranta, malamansa suna zuwa duba shi.

Kundin da aka sabunta a 2013 ya ƙayyade yara 10 ga mai raino ɗaya a ɗakin jarirai, 25 kuma ga malami ɗaya a ajin share fage.

Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ake gani daban. Makarantun kuɗi da dama suna tura masu takarda manyan azuzuwa, su bar jarirai a hannun wadda ba ta taɓa samun horo ba saboda albashinta ya fi sauƙi, alhali nan ne kuskure ya fi tsada. Ga irin waɗannan ma'aikata, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana ba da damar yin NCE ta karatu daga nesa, ba tare da sun ajiye aikinsu ba.