Indiana Jones and the Kingdom of the Crystal Skull

Indiana Jones and the Kingdom of the Crystal Skull fim ne na kasada na ƙasar Amurka, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni, aka kuma sake shi a watan Mayun 2008. Shi ne na huɗu a jerin finafinan Indiana Jones, ya fito shekaru 19 bayan na uku.

Labari

Labarin ya faru ne a 1957. Jones, masanin kayan tarihi, yana rige-rige da jami'an Tarayyar Sobiyet wajen gano sirrin wani ƙoƙon kai na ƙarau a ƙasar Peru.

Inda ya yi fice

Harrison Ford yana da shekaru 65 lokacin da fim ɗin ya fito. Marubuta ba su ɓoye tsufan jarumin ba, sun mayar da shi abin raha a cikin labarin. An yaba dawowar Karen Allen a matsayin Marion, wadda aka sani tun fim na farko na 1981, da kuma kiɗan John Williams. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 780 a duniya.

Suka

Masu sharhi sun soki yawan dogaro da hotunan kwamfuta, alhali finafinan baya sun shahara da wasan kasada na zahiri. Wurin da Jones ya tsira daga fashewar bam na nukiliya ta hanyar ɓuya cikin firji ya zama abin ba'a. Wasu magoya baya kuma ba su ji daɗin shigo da halittun wata duniya a madadin kayan tarihin addini, irin su Akwatin Alkawari, ba.