Tsohuwar wayarka ba ta mutu ba, manhajarta ce aka yi watsi da ita

Yau hirar tamu kan wayoyin nan ne da ke jibge a durowa.

Kowa ya san labarin. Sikirin lafiya lau, batir yana riƙe caji, amma kamfani ya daina aiko da sabuntawa. Sannu a hankali manhajoji su fara ƙin hawa. A Oktoban 2023, WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5.0 ba. Waya ta zama bola, alhali ƙarfenta bai gaji ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma wadda aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

To akwai 'yan sa kai da suka ce ba su yarda ba. Suna cire babbar manhajar da ta zo da waya su ɗora wata. Akwai LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016; Android ce, amma jama'a ke kula da ita. Akwai Ubuntu Touch, wadda Canonical ya saki a 2017, ƙungiyar UBports ta ɗauka ta ci gaba. Sai postmarketOS da Oliver Smith ya fara a 2017, da burin waya ta yi shekara goma tana aiki.

Me ya sa aikin ke da wuya? Ai kwamfuta kana iya ɗora mata Linux cikin awa guda. Waya ba haka take ba. Kowane samfuri yana da nasa kanel, wato zuciyar manhajar da ke magana da ƙarfe, wadda kamfani ya yi wa kwaskwarima daidai da kayan cikinsa. Lasisin Linux ya wajabta a fitar da lambobin kanel ɗin, amma direbobin kyamara da na layin kira galibi a rufe suke. Don haka mai aikin yana da hanya biyu. Ko dai ya lallaɓa da tsohon kanel da direbobin Android, kamar yadda Ubuntu Touch ke yi ta hanyar Halium, ko kuma ya zauna ya koya wa asalin Linux sanin wayar, ɓangare bayan ɓangare. Ta biyun ta fi cin lokaci, amma ta fi ɗorewa. OnePlus 6 ta 2018 tana cikin waɗanda suka amfana da ita.

Amma fa a yi hattara. Kafin komai sai an buɗe makullin da ke tsare ƙofar kunna waya, kuma buɗe shi yana goge duk abin da ke ciki. Wasu kamfanonin ma ba sa bari a buɗe. Idan ka ɗora fayil ɗin wani samfuri, waya na iya mutuwa murus. Wasu manhajojin banki kuma suna ƙin aiki. Sannan gaskiya ɗaya mai ɗaci: Tecno da itel da Infinix da suka cika hannunmu, da wuya ka gan su a jerin wayoyin da ake tallafawa.

Nan ne nake kira ga matasanmu. Masu gyara a Farm Centre ta Kano kullum suna filashin waya, hannunsu ya riga ya faɗa. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta kuma suna neman aikin kammala karatu. Me zai hana a haɗa kai a ɗauki samfuri ɗaya da ya yawaita a wurinmu? Idan ba mu yi ba, wa zai yi mana?

Shawarata: ka duba lambar samfurin wayarka a shafin LineageOS ko postmarketOS, ka kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, kuma kada ka fara gwaji da wayar da kake cin abinci da ita.

Ku faɗa mana wace waya ce ke kwance a durowarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu.