Kafin Ka Tura Labarin Kifi da Hotonsa Zuwa Mujalla

A unguwannin cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Galadima har Ƙofar Doka, ba a rasa gidan da aka gina tankin siminti ko aka kafa na tamfol ana kiwon tarwaɗa. A bakin Galma da Kubanni kuwa har yanzu akwai masu jefa birgi da masu kafa mamari. Ilimin wannan sana'a yana nan jibge a kawunan mutanenmu, amma kaɗan daga ciki aka rubuta da Hausa. Abin yana damuna, domin a garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Ga shi yanzu kusan kowane matashi yana da waya mai kyamara, mujallun noma da na kifi da ke fitowa a intanet kuma suna karɓar rubutu daga ko'ina. Abin da ke sa edita ya ajiye aiki gefe sau da yawa shi ne rashin shiri: labari ba rana ba wuri, hoto kuma dishi-dishi.

Mu fara da rubutun. Mai karatu a Maraɗi ko Kumasi bai san Galma ba, sai ka gaya masa cewa kogi ne da ke zuba cikin kogin Kaduna, Kubanni kuma a cikin Galma take zuba. Faɗi wurin da aka kama kifin, da watan, da kayan da aka kama shi da su, fatsa ce ko kalli ko taru. "Ƙaton kifi" ba awo ba ne. Ɗora shi a sikeli ka rubuta kilo. In kiwo ne, faɗi yawan 'ya'yan kifin da aka zuba, da watannin da suka yi, da buhunan abincin da suka ci, da adadin da ya mutu. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi ɓoyewa, alhali shi ya fi amfanar wanda ke shirin zuba jarinsa. Kowane farashi ka ambata, haɗa shi da wata da shekara, tunda kuɗin abincin kifi ba ya zama wuri ɗaya.

Sunayen kifi sukan bambanta daga gari zuwa gari, don haka yana da kyau a haɗa na Hausa da na kimiyya sau ɗaya a farkon labari. Tarwaɗar da muke kiwo ita ce Clarias gariepinus, giwan ruwa kuma Lates niloticus. Batun magani da ciwon kifi kuwa, kada ka rubuta jita-jitar majalisa. Ga cibiyar NAERLS nan a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, aikinta ke nan wayar da kan manoma, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Tambayi masani kafin ka sa wani ya zuba abin da zai kashe masa tanki guda. Ka kuma saka allon rubutun Hausa a wayarka, irin na Gboard, domin ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai.

Hoto shi ne inda aka fi yin ɓarna. Da farko goge gilashin kyamarar, musamman lokacin hunturu da ƙura ke bin komai. Ɗauki hoto da hantsi ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Da tsakar rana jikin kifi mai danshi yana ƙyalli, sai launinsa ya ɓace. Kwantar da wayar a gicciye, kada ka jawo hoton da yatsu, taka ka matsa kusa. Shimfiɗa kifin a kan jiƙaƙƙen buhu mai launi ɗaya, kansa yana duban hagu kamar yadda masana kifi suka saba, ka ajiye rula ko biro a gefensa don a gane girmansa.

Sannan ka buɗe fiffikensa na baya da yatsa kafin ka danna. Ga dalili: tarwaɗa da ramboshi suna kama da juna a ido, amma fiffiken bayan tarwaɗa guda ne dogo, ya miƙe har kusa da wutsiya, na ramboshi kuwa kashi biyu ne, na bayan tsoka ce zalla ba ƙaya a ciki. In fiffiken yana kwance, ko masani ba zai iya tabbatar da wanne ka ɗauka ba. Haka gashin baki, a bar shi ya fito sarai. In kifin mai rai ne kuma za a mayar da shi ruwa, jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka gama da sauri. Kada ka yi wa hoton kwalliyar launi. Mujalla shaida take nema.

Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci in aka tura shi yadda aka saba. Tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu, ko ta imel. Kada ka cusa hotuna cikin takardar rubutun. Kowanne ya tafi daban da sunan da za a gane, misali tarwada-galma-01, tare da layi ɗaya mai bayyana abin da ke ciki, da wuri, da rana, da wanda ya ɗauka. Hotuna biyar masu kyau sun isa. Duba ƙa'idar mujallar kan tsawon rubutu da girman hoto, ka kuma adana na asali a wurinka.

Akwai haƙƙin mutane, wanda ya fi duk wannan nauyi. Kafin ka ɗaga waya, gaida masunci ka ce, "Baba, ka yarda in ɗauki hotonka a buga, duniya ta gani?" In ya ce a'a, ɗauki hannuwansa da komarsa kawai, in ya amince da hakan. A cikin birni mata da yawa suna suyar kifi da banda a cikin gida. Sai da yardar ita mai sana'ar da ta maigida, kuma sau da yawa hoton kaskon da kifin ya wadatar. Yara kuwa sai da izinin iyaye. Hoton da ka tsinta a Facebook ba naka ba ne, kuma dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare mai shi.

In ka ga ana su da gidan sauro, ko ana zuba guba irin Gamalin a ruwa, kada ka nuna tulin ƙananan kifin a matsayin bajinta. Rubuta illar a fili: an kashe irin baɗi, an kuma sa lafiyar masu ci cikin haɗari. Kai maganar ga Sarkin Ruwa ko jami'an kula da kifi.

Wayoyi da yawa kuma suna liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi ba tare da mai wayar ya lura ba. Wanda ya ba ka damar shiga gidansa ka ga tankinsa bai ba ka izinin nuna wa ɓarayi hanya ba. Shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri kafin ka ɗauka, a rubutun kuma ambaci unguwar kawai, ban da lungu da ƙofar gida.