Amsar Takardunku: Ƙara Wa Bindiga Albarushi Yana Ƙara Mata Nisa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma maharbi na ƙasar Igabi, wanda ya ce ranar Talata da ya kawo dawa kasuwar Kawo ya ba wani yaro ya miƙo mana ita. Kukansa shi ne birai sun dame shi a gonar masara, har sun gane iyakar inda harbinsa ke kaiwa, sai su matsa gaba kaɗan su zauna suna kallonsa. Ana nan sai ɗansa ya nuna masa wani majigi a waya, ga wani Ba'amurke yana ɗura harsashin libarba da hannunsa a gida, yana ƙara masa gari wai don ya ƙara gudu. Shi ne yake tambaya, shin shi ma in ya ƙara wa bindigarsa ta toka albarushi za ta ƙara nisa? Kuma ko zai iya fasa harsashin bindiga mai baki biyu ya juye garin ciki a tasa, tunda an ce ya fi ƙarfi?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Amsar tambaya ta farko ita ce nisan da za ka samu kaɗan ne, haɗarin kuwa babba. Ta biyu kuma, don girman Allah kada ka kuskura. Amma tunda ba a hana babba abu ba tare da an gaya masa dalili ba, bari mu bi ta daki-daki.

Mu fara da abin da ɗanka ya nuna maka. Gaskiya ne a Amurka dokarsu ta yarda mutum ya tara kwanson harsashin da ya harba, ya sake ɗura shi a gida. Akwai wani irin harsashin libarba da suke yawan ɗurawa, sunansa wadkota. Darma ce zalla, nauyinta ya kusa giram 10, bakinta a shafe kamar an yanke rake, ba tsini. Ba don farauta aka yi shi ba, don gasar saiti ne, saboda ya huda takarda ya bar rami da'ira sosai yadda alƙalin gasa zai ƙirga maki ba gardama. Da gangan aka yi shi mai tafiya a hankali, wajen mita 220 a daƙiƙa ɗaya, alhali ƙara ma tana yin kusan mita 340. Garin da ake zuba masa kuwa bai kai rubu'in giram ba. Da sikeli ake auna shi, irin mai laushin nan kamar na masu sayar da zinariya, ana duba littafin da kamfani ya buga bayan ya yi gwaji da na'ura. Ba da tafin hannu ba, ba da murfin kwalba ba.

Duk da wannan taka-tsantsan, su ma suna gamuwa da tsautsayi. Garin ya yi ƙanƙanta har kwanso yakan ɗauki awo biyu ido bai lura ba, kuma awo biyun nan ya isa ya tarwatsa tulun libarba. Sa'an nan wani nau'in wadkota gindinsa rami ne kamar ƙoƙo. In aka matsa masa gudu fiye da kima, gaban yakan fice ya bar zoben gindin maƙale a cikin bututu. Mai harbi ya ji ƙara, ya ga rami a takarda, bai san an bar masa ajiya ba. Harbi na gaba shi ke zuwa ya tarar da hanya a toshe. Wannan ɓangaren ba a cika nuna shi a majigin waya ba.

Abin da ke tura harsashi matsi ne. Gari ya kama wuta, ya zama iska mai zafi, iskar ta rasa wurin zama, sai ta tura ko'ina, gaba da baya da gefe. Harsashi ne ke motsawa don shi ne mai sauƙin turawa, amma ƙarfen bututun yana shan irin wannan turin daidai wa daida. Ga misali yadda za ku gane. In ka kai ƙaramar mota wurin mai faci, iskar da yake ba taya 30 ce zuwa 35 a ma'auninsa. To da wannan ma'auni, iyakar matsin da aka yarda wa harsashin libarba mai lamba .38 Special shi ne 17,000. Wato kamar iskar taya sau 500, a cikin ɗan wurin da bai fi yatsa ba.

Da Amurkawa suka matsa suna son ƙarin gudu daga wannan harsashi, masu ƙera bindiga ba su ce kowa ya ƙara gari a tsohuwar bindigarsa ba. A 1935 kamfanin Smith & Wesson ya fito da sabuwar libarba mai kaurin ƙarfe, mai lamba .357 Magnum, aka kuma ƙara wa kwansonta tsawon kusan milimita 3 musamman don kada ya shiga tsofaffin bindigogi. Matsinta yana kai 35,000. Ka lura, Malam, matsi ya ninka biyu, amma gudun bai ninka biyu ba. Haka lissafin yake a kowace bindiga, matsi yana rigan gudu hawa.

Yanzu mu dawo gida. A wasu ƙasashe, bindigar kamfani, kafin ta shiga kasuwa, ana kai ta gidan gwaji. A Birmingham ta Ingila akwai irin wannan gida tun 1813. Ana ɗura mata abin da ya fi ƙa'ida, a harba ta a ɗakin da ba kowa, in ta tsira a buga mata hatimi. Taka fa? Maƙeri ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ba na raina sana'arsa, amma sau da yawa bututun da ya samu na ruwan famfo ne, irin wanda ake tsinta a Panteka. Bututun ruwa falle ne aka naɗe aka yi masa walda a tsaye, ɗinki ne da shi tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya taɓa auna iyakarsa. Ga shi kuma tokar da albarushi ke bari tana jan laima, tana cin ƙarfen daga ciki, ta yadda bindigar da ta ɗauki awo kaza shekara biyar da suka wuce ba lalle ta ɗauke shi bana ba, ko da kuwa wajenta na ƙyalli da man shanu.

Kuma albarushin gargajiya yana da iyakar amfaninsa. In ya wuce awo, ragowar tana fita ne ta baki, ta zama wuta da hayaƙi da ƙara. Shi ya sa bindigogin fada ranar hawan Salla suke girgiza gari, don ƙara ake nema. Kai kuwa abin da za ka ƙaru da shi harbin kafaɗa ne da watsewar harsashi.

Garin cikin harsashin bindiga mai baki biyu wani abu ne dabam, sunan gari kawai suka haɗa. Irinsa marar hayaƙi ne, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara fito da shi a 1884. Halinsa shi ne, in ka zuba kaɗan a fili ka kunna, sai ya ci a hankali har ka raina shi. Amma in aka kulle shi, iya matsuwarsa iya saurin cinsa, saurin cin kuma ya ƙara matsin, kafin ƙiftawar ido ya kai inda bututun ruwa ba zai iya riƙewa ba. Ko a Turai da Amurka, bindigogin ɗuri ta baki da aka ƙera don albarushi, kamfanoni kan rubuta gargaɗi a jikin ƙarfensu cewa kada a sa musu wannan gari. In bututu zai fashe kuma, wajen gindi ya fi fashewa, inda hannun hagunka da idonka suke. Lokacin da nake koyarwa a firamare a wani ƙauye, kafin in shigo aikin rediyo, akwai mahaifin wani ɗalibina da yatsu biyu suka rage masa a hagu. Wani abokinsa ne ya ba shi irin wannan gari a ƙullin leda. Maharbi ne na ji da gani, amma daga ranar ko fartanya sai da dabara yake riƙewa.

Tunda muna kan maganar, akwai abubuwan da ke fasa bindiga ko ba a ƙara gari ba. Zanzaro yana son yin ɗaki a bakin bindigar da aka rataye, haka laka in mutum ya dogara ta a ƙasa da damina. Akwai ɗuri a kan ɗuri, mutum ya manta jiya ya ɗura yau ya sake. Maganin wannan, ka yi wa sandar ɗurinka alama a inda take tsayawa in bindiga ba komai, kullum ka zura ta ka duba. Kada kuma a bar fili tsakanin gari da harsashi. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana kallon daji ka jira, don takan tashi a makare. Kada ka leƙa, kada ka hura.

Batun doka, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙe su, saboda haka abin da Ba'amurken nan ke yi a ɗakinsa, a nan ɗauri ne. Ita ma bindigar toka, ka je ofishin 'yan sanda na yankinku ka tambayi maganar lasin.

Su kuma birai, Malam, ko ka ƙara taku goma za su matsa taku goma sha ɗaya. Karnuka biyu, da rumfar tsaro a gefen da suke shigowa, da haɗa baki da maƙwabtan gona a riƙa gadi bi da bi daga asuba zuwa hantsi a makonnin da masara ke nuna, sun fi yi maka aiki. A gai da mutanen Igabi.