Paris-Congo a Kan Allon Kwamfuta

A 1971 Thomas Schelling, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, ya wallafa wani bincike da ya faro da kwabbai iri biyu a kan allon dara. Kowane kwabo gida ne. Doka ɗaya ce tak: in irinka ba su kai kamar kashi ɗaya cikin uku na maƙwabtanka ba, sai ka tashi ka koma gurbin da babu kowa. Ba wanda ya tsani kowa, amma kafin a ankara allon ya dare, waɗannan nan, waɗancan can. Yau ɗalibi kan maimaita gwajin da dubban gidaje a manhajar NetLogo, ya sauya dokar, ya ga abin da zai biyo baya.

To, a kai wannan ra'i unguwar Paris-Congo da ke gunduma ta shida a Njamena. Ita da maƙwabciyarta Moursal an san su da 'yan kudancin Chadi, galibi Kirista, yayin da Musulmi suka fi yawa a arewacin birnin. Mai kallon taswira zai ce ai maganar Schelling ta fito. Sai dai ranar 12 ga Fabrairun 1979 faɗa ya ɓarke tsakanin dakarun 'yan arewa na Hissène Habré da sojojin Shugaba Félix Malloum, 'yan kudu suka kwashe nasu-ya-nasu suka gudu garuruwansu. Da suka dawo, kowa ya nemi inda hankalinsa zai kwanta. Sabon Garin Kano ma ai tsarin Turawan mulkin mallaka ne ya yanke shi.

Kwaikwayon kwamfuta yana nuna cewa dalili kaza ya isa ya haifar da abu kaza, amma ba ya shaida cewa shi ne ya haife shi a Njamena. Kwabon Schelling ba ya biyan haya, ba shi da kawun da zai sauke shi in ya taso daga garin Moundou na kudu, bai kuma taɓa jin ƙarar bindiga ba.

A ganina amfaninsa yana wajen wata tambayar: me ya sa rabuwar ta zarce shekara 40? A fara da birni rababbe, a saka kuɗin haya da saukar baƙi wurin dangi, sannan a riƙa rage tsoro sannu a hankali. In gidajen sun ƙi cakuɗuwa duk da haka, akwai alamar zumunci da aljihu ne ke riƙe da iyakar yanzu. Sai a gwada sakamakon da ƙidayar 1993 da ta 2009, unguwa-unguwa.