FASHIN BAƘI: Aikin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa ke yi a Dawanau, garin da hatsi ya ɗaga

A watan Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai intaha a Najeriya, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Rashawa ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta garƙame rumbunan ajiya goma a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. Muryar da aka fi ji tana mayar da martani a kwanakin ita ce ta shugabannin ƙungiyar kasuwar, waɗanda suka musanta cewa 'ya'yansu na ɓoye abinci. Daga baya aka buɗe rumbunan.

Ko wane ne ke da gaskiya a wancan saɓani, lamarin ya fito da abin da mazauna yankin suka daɗe da sani: duk wanda ke da magana da Dawanau, hukuma ce ko baƙon ɗan kasuwa, sai ya bi ta ƙofar ƙungiya.

Dawanau na cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan titin Kano zuwa Katsina. Ƙauye ne kafin a kafa kasuwar a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da cinikin hatsi ya fi ƙarfin kasuwannin cikin birni. Yau ana lasafta ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa na shigowa daga jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar, su fita zuwa Kudu da maƙwabtan ƙasashe. Riɗi da zoɓo da citta da waken suya kuwa har ƙetaren teku. Inda tirela ke kwana, dole a samu mai abinci, da bakanike, da mai faci, da gidan haya. Haka gari ya tsiro a gefen kasuwa, cikin sauri fiye da yadda kowace hukuma ta shirya masa.

Amana, jarin da ba ya cikin buhu

Babban aikin ƙungiya a irin wannan kasuwa shi ne tsare amana. Cinikin hatsi na tafiya ne da bashi da kalmar baki. Fatake na sauke kaya a hannun dillali, dillali ya sayar ya cire la'adarsa, mai saye ya ɗora kaya a mota da alƙawarin biya idan sun isa Legas ko Onica. Sau da yawa babu takardar da kotu za ta karɓa. Idan aka samu saɓani a kan nauyin buhu, ko aka tarar da tsakuwa da ƙaiƙayi a ƙasan kaya, ko kuɗi suka maƙale, wurin shugabannin sashen ake fara zuwa. Su sun san mai ƙara, sun san wanda ake ƙara, sun san ubangidan kowannensu, kuma suna iya yanke magana a yini guda, alhali shari'a a kotu na iya cinye kakar ciniki gaba ɗaya.

Hukuncin ƙungiya ba shi da kurkuku, amma yana da abin da ɗan kasuwa ya fi tsoro: a daina ba shi kaya, a daina tsaya masa. Mutumin da sunansa ya ɓaci a layinsu da wuya ya gyaru a wani layin.

Wannan tsari gado ne. Tun kafin zuwan Turawa kasuwannin ƙasar Hausa na da Sarkin Kasuwa, da Sarkin Pawa mai kula da mahauta, da fatoma mai saukar baƙin fatake ya kuma lamunce musu. Abin da ya sauya shi ne siga: yanzu akwai shugaba da sakatare da ma'aji, akwai katin shaida da kuɗin ƙungiya, wasu kuma na da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020.

Gurbin da ƙaramar hukuma ta bari

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara, da gina magudanan ruwa. A aikace, shekaru da dama kuɗin ƙananan hukumomi na bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, abin da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kansa ranar 11 ga Yuli, 2024, inda ta ce a riƙa ba su kasonsu kai-tsaye. Ɗan kasuwa dai ya fi sanin ƙaramar hukuma da rasit ɗin haraji.

Saboda haka a kasuwannin Arewa da dama ƙungiyoyi ne ke biyan masu gadi, su tara kuɗin yasar kwata kafin damina, su tsara inda manyan motoci za su tsaya, su haɗa gudummawa idan gobara ta tashi. Aiki ne mai amfani, sai dai yana da illar da ba a cika faɗa ba. Muddin 'yan kasuwa na toshe kafar da kuɗinsu, hukumar da ke karɓar harajinsu ba ta jin matsin yin nata.

Akwai kuma batun inganci, wanda ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ake haɗa fiya-fiya da shi, kuma an yi ta tsawaita haramcin. Zoɓon Najeriya ma ya taɓa rasa kasuwar Meziko na wasu shekaru saboda ƙwaron ajiya. Mutum ɗaya ya zuba guba a buhunsa, ƙasa baki ɗaya ta rasa mai saye. Jami'in gwamnati ba zai iya leƙa kowane rumbu ba. Maƙwabcin shago kuwa ya san mai yi. Idan akwai wanda zai iya sa a koma ga buhunan nan masu ninki uku da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, ƙungiya ce.

Ƙarfin da ke buƙatar linzami

Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, garuruwan kasuwa irin su Maigatari da Illela da Jibiya sun ɗanɗana kuɗarsu, kuma ta bakin ƙungiyoyinsu aka fi jin kokensu. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu. Cikin kimanin mako guda farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabi a Legas, yayin da kayan gwari ke ruɓewa a hannun manoman Arewa, har sai da aka zauna sulhu.

Ƙungiyar da ke iya tsayar da abincin rabin ƙasa tana iya danne ƙaramin ɗan kasuwa ma. Matsalar irin waɗannan ƙungiyoyi a ko'ina iri ɗaya ce: masu manyan rumbuna sun fi baki a taro, ba kullum ake karanta wa mambobi lissafin kuɗin da aka tara ba, rabon shaguna na jawo rigima, kuma idan zaɓe ya ƙarato 'yan siyasa kan nemi ɗora nasu a kan kujera. Shugaban da gwamnati ta ɗora da wuya ya iya kallon idonta ranar da ta ƙara haraji.

Sannan akwai waɗanda kasuwar ke tsaye a kan wuyansu amma ba su cika samun kujera a wurin yanke shawara ba. 'Yan dako da ke sauke buhu mai kilo 100, da matan da ke yini suna tankaɗe da tsintar riɗi da zoɓo a cikin ƙura, da yaran shago. Ladan aikinsu da lafiyar ƙirjinsu ba su cika shiga ajandar masu kaya ba.

Haka nan ikon ƙungiya na ƙarewa ne a bakin kasuwa. Unguwannin da suka tsiro a kewayen Dawanau na buƙatar ruwan sha, da makaranta, da asibiti, da titin da tirela ba za ta toshe ba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da kuɗin katin mamba zai iya ɗauka. Mazauna wurin da ba 'yan kasuwa ba ne ba su da ƙuri'a a zaɓen ƙungiya. Ƙuri'arsu na wurin kansila da shugaban Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa.