Odense: Birnin da kwamfutocin Facebook ke ɗumama gidajensa

A birnin Odense na ƙasar Denmak, inda sanyin hunturu ke ratsa ƙashi, dubban gidaje na samun ɗumi daga wurin da ba a zata ba: cibiyar adana bayanai ta kamfanin Meta, mamallakin Facebook, wadda aka buɗe a 2019.

Kwamfutocin cibiyar ba sa hutawa dare da rana, kuma zafi suke fitarwa. A yawancin wurare iska ake sakar wa wannan zafi. A Odense kuwa, kamfanin Fjernvarme Fyn ne ke karɓar sa. Zafin bai wuce na ruwan ɗumi ba, don haka sai injuna masu aiki da lantarki sun ɗaga shi zuwa kusan digiri 70, sannan a tura ruwan ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gidaje.

Bututun nan ne ƙashin bayan aikin, kuma sun girmi Facebook nesa ba kusa ba. Bayan rikicin mai na 1973, Denmak ta kafa doka a 1979 da ta ɗora wa ƙananan hukumomi tsara yadda za a ɗumama unguwanninsu. Yau kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar na kan irin wannan layi. Garin da bai shimfiɗa bututu ba, ko an ba shi zafin kyauta, ba shi da hanyar kai shi gida.